Waldar Tuƙi: Haɗa Alminiyam da Ƙarfe ba Tare da Narkarwa ba

Gabatarwa

Da wuya a sami gari a Arewa, komai ƙanƙantarsa, da babu rumfar mai walda a bakin titi. A ƙasarmu ta Kauru mai walda ne ke yi mana ƙofa da taga, shi ke gyara garmar shanu idan damina ta kawo jiki, shi ke ɗinke baro da injin casar masara idan sun tsage. Duk wanda ya taɓa tsayawa kusa da shi ya san yadda aikin yake: haske mai kashe ido, tartsatsi, hayaƙi, da ƙarfen da ya narke ya koma ruwa kafin ya daskare. Saboda haka da yawanmu mun ɗauka cewa walda da narkarwa Ɗanjuma ne da Ɗanjummai, ba a samun ɗaya sai da ɗaya.

Manufar wannan maƙala ita ce in nuna cewa ba haka abin yake ba. Akwai wata hanyar walda da aka ƙirƙiro a Ingila a shekarar 1991, wadda ba a narka ƙarfe a cikinta, kuma da ita ake haɗa tankunan rokokin da ke zuwa sararin samaniya da taragun jiragen ƙasa na zamani. Na raɗa mata suna "waldar tuƙi", kuma zan kawo hujjata a kan sunan kafin in kammala. Zan bayyana yadda ake yin ta, da abin da masu bincike ke nema a kanta, da kuma dalilin da ya sa nake ganin ta fi kusa da aikin maƙerinmu na gargajiya a kan aikin mai walda na bakin titi. A duk inda na ce "ƙarfe" kawai, ina nufin baƙin ƙarfen da aka haɗa da ɗan sinadarin gawayi don ya yi ƙwari, irin na rodi. Alƙaluman zafi kuwa duk na ma'aunin Salshiyas ne.

Hanyoyi Uku da Muka Riga Muka Sani

Hanya ta farko ita ce ta maƙera, kuma yankinmu na kudancin Kaduna yana da dogon tarihi a kanta. Al'adar nan ta Nok, wadda ta samo sunanta daga ƙauyen Nok na ƙasar Jaba, inda masu haƙar kuza suka fara tono mutum-mutumin yumɓu a 1928, ba a yumɓu kaɗai ta tsaya ba. A shekarun 1960 masanin kufai Bernard Fagg ya tono murahun gasa tama a Taruga, kusa da Abuja, waɗanda aka ƙiyasta sun kai kimanin shekara 2,500. Abin lura shi ne, irin waɗannan murahu ba sa narka baƙin ƙarfe. Zafinsu yakan tsaya a wajen digiri 1,200, alhali tsantsar baƙin ƙarfe ba ya narkewa sai a digiri 1,538. Abin da ke fitowa daga murhun dunƙule ne mai ramuka kamar soso, cakuɗe da kashin tama. Sai maƙeri ya mayar da shi wuta, ya zuga, ya ɗora a kan uwar maƙera ya yi ta duka da masaba har dattin ya fita, gutsattsarin su manne su zama abu ɗaya. Haka kuma yake yi idan zai haɗa ƙarfe biyu: ya gasa su har su yi fari, ya haɗa bakinsu, ya daka. Wannan shi ne asalin karin maganar nan da ke cewa da zafi-zafi akan daki ƙarfe. Wato zafi da matsi ne suka yi haɗin, narkewa ba ta shigo ciki ba.

Hanya ta biyu ita ce ta ƙusa. A huda falle biyu, a zura ƙusa, a daddatse kanta ta riƙe su. Lokacin da Kafanchan ta zama mahaɗar jiragen ƙasa a 1927, inda layin da ya taso daga Fatakwal ya rabu biyu, ɗaya ya nufi Kaduna ɗaya ya nufi Jos, tukwanen tururin kawunan jiragen wancan zamani da ƙusa ake haɗa su. Aibin ƙusa shi ne tana ƙara nauyi, kuma kowace huda wuri ne da tsaga ke iya farawa.

Hanya ta uku ita ce waldar wuta, ko dai ta lantarki ko ta gas, wadda ake narka bakin ƙarafan biyu tare da sandar walda, su gauraya suna ruwa, sannan su daskare. Ga ƙarfe, wannan hanya ta karɓu ƙwarai. Matsala tana tasowa ne idan aka zo kan alminiyam.

Me Ya Sa Alminiyam ke Ƙin Waldar Wuta?

Alminiyam shi ne abin da maƙeran fari ke kira sanholo ko goran ruwa. A kasuwa kuma za ka ji ana cewa "tukunyar dalma", ko da yake dalma ta ainihi wani ƙarfe ne daban, mai nauyi kuma mai guba. Abin da ya sa duniya ke rububin alminiyam shi ne rashin nauyinsa: kusan kashi ɗaya cikin uku ne na nauyin ƙarfe idan girmansu ɗaya, kuma ba ya tsatsa irin ta ƙarfe. Amma yana da halaye huɗu da ke wahalar da mai walda.

Na farko, da zarar iska ta taɓa shi sai ya yi wata siririyar fata a bayansa. Shi kansa yana narkewa a digiri 660, amma fatar ba ta narkewa sai zafi ya haura digiri 2,000. Ke nan ciki na iya zama ruwa alhali fatar na nan daram, ta hana ɓangarorin biyu haɗuwa. Na biyu, alminiyam ba ya yin ja kafin ya narke. Maƙeri da launi yake gane zafin ƙarfe, shi kuwa wannan yana nan fari fat sai kawai a ga ya zube. Na uku, idan ya narke yana shan iskar haidirojin, idan ya zo daskarewa kuma sai ya amayar da ita, ta bar ƙananan ramuka a cikin ɗinkin kamar na burodi. Na huɗu, yana watsa zafi da sauri, kuma yana buɗewa da tsukewa kusan ninki biyu na ƙarfe, don haka falle yakan lanƙwashe, ɗinki kuma yakan tsage yayin da yake hucewa.

Ba wai ba a yi wa alminiyam waldar wuta ba ne. Ana yi, musamman da injinan da ke lulluɓe wurin da iskar argon. Sai dai nau'o'insa mafiya ƙarfi, wato wanda aka gauraya da jan ƙarfe, da ake ba lambobin 2000, da wanda aka gauraya da tutiya, da ake ba lambobin 7000, yawancinsu suna tsagewa ko su yi rauni idan aka narka su. Da su ake ƙera jiragen sama, shi ya sa duk wanda ya duba fukafukin jirgi da kyau zai ga jerin kawunan ƙusa ba iyaka. Tambayar da ta daɗe tana damun injiniyoyi ita ce: tun da narkewa ce tushen matsalar, shin ba za a iya kauce mata gaba ɗaya ba?

Asalin Waldar Tuƙi da Yadda Ake Yin Ta

Kowa ya san guga na haifar da zafi. Idan hunturu ya yi tsanani mukan murza tafin hannu, kuma wanda ya sauko daga gangara a kan babur ya san yadda burki ke ɗaukar zafi. Tun a shekarun 1950 injiniyoyin tsohuwar Tarayyar Sobiyet ke haɗa sandunan ƙarfe ta hanyar juya ɗaya a jikin ɗaya har su yi zafi, sannan a danna su. Amma wannan sai abu mai siffar sanda ko bututu, ba a iya juya faffaɗan falle. A watan Disamba na 1991 wani injiniya mai suna Wayne Thomas da abokan aikinsa a Cibiyar Binciken Walda ta Ingila, wadda ake kira TWI a taƙaice, kusa da birnin Kembirij, suka nemi rajistar wata sabuwar dabara: a bar fallayen a kwance, a kawo abu na uku ya yi juyin.

Wannan abu na uku, wanda zan kira muciya, gajeriyar sanda ce mai tauri da ke da sassa biyu. Akwai kafaɗa, wato faffaɗan gindinta mai da'ira, sannan akwai tsinke da ya fito daga tsakiyar kafaɗar, wanda tsawonsa ya ɗan gaza kaurin fallen. Sau da yawa akan yi wa tsinken zare irin na noti. Ga yadda aikin ke tafiya:

1. A jera fallayen biyu baki da baki a kan dakali mai ƙarfi, a ɗaure su tamau yadda ba za su motsa ba.

2. A tayar da inji, muciya ta kama juyi, daga ɗaruruwan zagaye zuwa sama da dubu a minti ɗaya, sannan a danna tsinken a kan layin haɗin har ya nutse, kafaɗa ta zauna a kan fallen.

3. A ɗan dakata zafi ya taru. Gugar kafaɗa da murɗawar da ake yi wa alminiyam ɗin su ke kawo zafin, wanda yakan kai tsakanin digiri 400 zuwa 500. Bai kai na narkewa ba, amma ya isa ya sa shi laushi.

4. A tura muciyar ta bi layin. Tsinke yana kwaso alminiyam mai laushi daga gabansa, ya zagayo da shi ya ajiye a bayansa, kafaɗa kuma tana dannewa daga sama da nauyin da kan kai tan guda ko fiye, tana shafe wurin.

5. Idan aka kai ƙarshe sai a zare muciyar, ta bar ɗan rami daidai girman tsinken.

Duk wadda ta taɓa tuƙa tuwo ta riga ta fahimci wannan. Tuwo ba gari ba ne, ba kuma kunu ba ne, yana tsakani. Idan muciya ta ratsa shi ba ta barin rami a bayanta, domin abin da ta ture a gaba shi ke zagayowa ya cike gurbin, gudaji kuma su murƙushe. Haka tsinken ke farfasa waccan fata mai taurin kai, ya watsa ta, ya cuɗa naman fallen dama da na hagu har layin da ya raba su ya ɓace. Babu sandar walda, babu gas idan alminiyam ne, babu haske mai kashe ido, babu tartsatsi, hayaƙi kuma kusan babu. Idan aka lura, sinadaran aikin su ne na maƙeri: zafi da matsi. Abin da ya sauya shi ne guga ta maye gurbin gawayi da zugazugi, kafaɗar muciya ta maye gurbin masaba.

Abin da Masu Bincike ke Dubawa

Mai karatu zai iya cewa, to ai magana ta ƙare, me kuma ake bincike a kai? Amsa ita ce, sai an gwada akan san na ƙwarai. Mai bincike yakan yanko ɗan yanki daga ɗinkin, ya goge shi har ya yi sheƙi, ya ɗiga masa ruwan sinadari, sannan ya duba shi da madubin ƙara girma. Ƙarfe kowane iri a haɗe yake da ƙwayoyi ƙanana da ido ba ya gani, kuma ƙarfinsa ya dogara ƙwarai a kan girmansu da tsarinsu. A ɗinkin waldar tuƙi akan ga yankuna uku. A tsakiya akwai cibiya, inda tsinke ya bi, ƙwayoyinta sun niƙu sun zama ƙanana ƙwarai, kuma sau da yawa takan nuna zobba a jere kamar an yanka albasa. Kusa da ita akwai yankin da ƙwayoyin suka lanƙwashe saboda ja da zafi, amma ba su niƙu ba. Daga nan sai yankin da zafi kaɗai ya taɓa. A nau'o'in alminiyam da ake ƙarfafawa da gashi, wannan yanki na uku ne yakan fi rauni, kuma a nan ake yawan samun karaya idan aka ja ɗinkin da injin gwaji.

Babban abin da ake nema shi ne daidaito tsakanin saurin juyi da saurin tafiya. Idan juyi ya yi yawa tafiya ta yi kaɗan, zafi ya wuce kima, alminiyam ya yi ta tumbatsa ta gefen kafaɗa, ɗinki ya sirance. Idan kuma tafiya ta fi juyi, zafi ya gaza, sai a sami dogon rami a ɓoye a cikin ɗinkin kamar hanyar gara. Akwai kuma wani aibi mafi haɗari, inda ɓangarorin biyu kan taɓa juna a gindin ɗinkin ba tare da sun haɗu da gaske ba. Ido ba ya ganin sa, na'urorin bincike ma yakan ɓace musu, sai kaya sun hau ya buɗe. Bugu da ƙari, gefunan ɗinkin biyu ba ɗaya ba ne, domin a gefe guda juyin muciya yana bin tafiyarta, a ɗaya gefen yana saɓa mata, don haka zafinsu da kwararsu sun bambanta. Siffar tsinke, da faɗin kafaɗa, da ɗan jirkicen digiri 2 zuwa 3 da akan yi wa muciyar, duk ana auna tasirinsu. Sakamakon irin waɗannan gwaje-gwaje ne ya sa a 2011 hukumar daidaita ma'aunai ta duniya ta fitar da ƙa'ida mai lamba ISO 25239 a kan yi wa alminiyam wannan walda.

Daga Alminiyam Zuwa Ƙarfe

Tuƙa alminiyam yana da sauƙi domin muciyar ƙarfe ta fi shi tauri nesa ba kusa ba. To idan ƙarfen ne kansa za a tuƙa, da me za a yi muciyar? A nan gizo ke saƙa. Ƙarfe ba ya yin laushin da ake so sai zafi ya kai wajen digiri 1,000 ko fiye, kuma a wannan zafi muciyar ƙarfe ita ma tuwo za ta zama. Wayne Thomas da abokan aikinsa sun wallafa a 1999 cewa abin mai yiwuwa ne, amma sai da muciya ta musamman. Iri biyu aka fi amfani da su. Ɗaya ana yin ta da wani haɗaɗɗen sinadari na boron da naitirojin wanda lu'ulu'u ne kaɗai ya fi shi tauri, sai dai yana da saurin fashewa. Ɗayar kuma ana yin ta da tangistin, ƙarfen da ba ya narkewa sai a digiri 3,422, a gauraya shi da wani ƙarfe mai tsada da ake kira riniyam, ita kuma cinyewa take yi a hankali. Dukansu suna da tsada, kuma ba sa daɗewa kamar muciyar alminiyam. Tun da waldar wuta tana yi wa ƙarfe aiki da araha, sai kwalliya ta biya kuɗin sabulu kafin masana'antu su sauya. Duk da haka bincike bai tsaya ba. Jami'ar Strathclyde da ke Gilasgo, alal misali, ta yi nazari mai yawa a kan ƙarfen gina jiragen ruwa, domin siraran fallaye ba sa lanƙwashewa da wannan hanya kamar yadda suke yi da wuta, kuma ma'aikaci ya tsira daga shaƙar hayaƙi.

Mafi wuya duka shi ne haɗa alminiyam da ƙarfe a ɗinki ɗaya. Kafin ƙarfe ya fara narkewa, alminiyam ya daɗe da zama ruwa. Sannan idan suka gauraya cikin zafi mai yawa sukan haifi wani sabon abu a tsakaninsu, mai tauri amma mai saurin karyewa kamar tangaran. Idan wannan shimfiɗa ta yi kauri, ɗinkin da ɗan bugu zai rabu. Dabarar masu bincike ita ce a karkatar da tsinke zuwa ɓangaren alminiyam, ya zamana gefensa kawai ke kankare fuskar ƙarfen yana fito da sabon jiki mai tsabta, sai alminiyam mai laushi ya manne a kai. Da yake zafin kaɗan ne kuma na ɗan lokaci, shimfiɗar takan tsaya siririya, ƙasa da kashi ɗaya cikin ɗari na milimita, wato ta fi gashin kai siranta sau da yawa. Saura kuma matsalar ruwa, domin idan ƙarafa biyu mabambanta suka haɗu cikin damshi, ɗaya yakan ci ɗaya, kuma alminiyam ne ke cutuwa. Shi ya sa akan sa abin toshe kafa a tsakaninsu.

Inda Ake Amfani da Ita

Ƙasashen Nowe da Suwidin ne suka fara kai ta kasuwa a tsakiyar shekarun 1990, inda aka riƙa haɗa dogayen fallaye na benen jiragen ruwa da na firjin jiragen kamun kifi. A 1999 kamfanin Boeing ya harba rokar Delta II mai ɗauke da sashen da aka haɗa ta wannan hanya. Manyan tankunan rokar da hukumar NASA ta harba zuwa kewayen wata a watan Nuwamba na 2022 da ita aka ɗinke su, haka ma tankunan rokar Falcon 9 ta kamfanin SpaceX. Kamfanin Hitachi na Jafan yana gina taragun jirgin ƙasa na alminiyam da ita. A ɓangaren motoci, Mazda ta yi amfani da wani nau'inta na ɗigo-ɗigo a ƙofofin baya da murfin injin motar RX-8 a 2003, sannan a 2005 ta haɗa alminiyam da ƙarfe a murfin but na MX-5. A 2012 Honda ta sanar cewa ta haɗa alminiyam da ƙarfe a firam ɗin da ke ɗauke da injin motar Accord, kuma ta ce nauyin wannan sashe ya ragu da kashi 25 cikin ɗari. A shekarar ce kuma Apple ya haɗa gaba da bayan kwamfutarsa iMac da ita. Akwatunan batir na motocin lantarki da yawa ma da ita ake rufe su, don kada ruwa ya shiga.

Ina Muka Tsaya?

Gaskiya ɗaya ce, waldar tuƙi ba za ta kori mai waldar Kauru ko na Kafanchan daga rumfarsa ba. Tana buƙatar inji mai nauyi, da ɗauri mai ƙarfi, da lantarki tsayayye, kuma ta fi dacewa da dogon layi miƙaƙƙe da ake maimaitawa. Ba a ɗaukar ta a kan babur a je gona gyaran garma. Aikin masana'anta ce, masana'antunmu na ƙarafa kuwa labarinsu sananne ne. Kamfanin narka alminiyam na Ikot Abasi a Jihar Akwa Ibom ya fara aiki a 1997, ya tsaya a 1999, kamfanin Rusal na Rasha ya karɓe shi a 2007, aiki ya sake tsayawa a 2013. Na Ajakuta kuwa, wanda aka aza harsashinsa a 1980, an shafe fiye da shekara 40 babban murhunsa bai narka tama ba.

Amma akwai abubuwa uku masu ƙarfafa gwiwa. Na ɗaya, wa'adin haƙƙin mallakar dabarar ta asali ya ƙare, kowa na iya amfani da ita. Na biyu, ana iya gwada ta a kan siraran fallayen alminiyam da injin sassaƙar ƙarfe na yau da kullum, irin wanda ake koyar da ɗaliban injiniya da shi, idan aka ƙera masa muciya da maɗauri. Da haka masu bincike da yawa a ƙasashe masu tasowa suka fara. Muna da Sashen Injiniyancin Ƙarafa a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna, da Cibiyar Bunƙasa Ƙarafa ta Ƙasa a Jos, ga kuma jami'ar tarayya ta kimiyyar aiwatarwa da aka kafa a Kachiya a 2025. Na uku, 'yan ƙasarmu sun riga sun yi suna a fagen. Farfesa Esther Akinlabi, wadda ta yi digirinta na farko a Jami'ar Fasaha ta Tarayya da ke Akure, ta yi digirin digirgir a Jami'ar Nelson Mandela ta Afirka ta Kudu a kan haɗa alminiyam da jan ƙarfe ta wannan hanya, kuma ta yi shekaru tana koyarwa a Jami'ar Johannasbag.

Hannun da zai yi aikin ma akwai shi. Duk wanda ya shiga kasuwar Panteka a Kaduna ya ga yadda ake narka tsofaffin gwangwanaye da fasassun sassan inji a zuba tukwane, ya ga yadda ake ƙera injinan niƙa da na casa, ya san basira ba ta yi mana ƙaranci ba. Abin da ya raba waɗannan masu sana'a da sakamakon bincike, bayan jari, shi ne harshe. Binciken yana cikin Ingilishi mai tsauri, su kuwa da Hausa suke koyon aiki, da ita suke koyar da yaransu. A kudancin Kaduna ma, inda harsuna suke da yawa, Hausa ce ke haɗa Bajju da Atyap da Chawai da Bahaushe a rumfar aiki ɗaya. A nan ne maganar ta dawo kanmu, mu ɗaliban harshe.

Batun Suna

Sunan dabarar da Ingilishi kalma uku ne: ta farko na nufin guga, ta biyu motsawa da cuɗawa, ta uku walda. Kalmar "walda" ta riga ta zauna a Hausa, ba ta buƙatar canji. Ta tsakiyar ce abin dubawa, kuma Hausa na da kalmomi da dama a wannan fage. "Damawa" ta abu mai ruwa ce, kamar kunu da fura, don haka za ta kai mai sauraro ga narkewar da muke gudu. "Burgawa" ta kama juyin, domin maburgi juyawa yake yi a tsakanin tafuka, amma ita ma miya ake yi wa. "Kirɓawa" ta dace da kaurin abin, sai dai duka ne daga sama, babu juyi a cikinta. "Tuƙi" kuwa na abu mai kauri ne da zafi ya tausasa, ana yin sa da ƙarfin damtse, kuma kalmar tana da ma'ana ta biyu, ta tuƙa mota ko kwalekwale, wadda ta dace da yadda ake bi da muciyar a kan layi. Wanda ke son cikakken suna sai ya ce "waldar guga da tuƙi", amma a bakin masu sana'a gajeren ne zai rayu. Ga sauran kalmomin da nake ba da shawara:

Muciya: sandar da ke juyawa ta yi haɗin.
Kafaɗa: faffaɗan gindin muciya da ke danne falle.
Tsinke: sashen da ke nutsewa cikin falle.
Ɗinki: layin da aka haɗa.
Cibiya: tsakiyar ɗinki mai niƙaƙƙun ƙwayoyi.
Gefen bi da gefen saɓi: gefen da juyi ke bin tafiya, da wanda yake saɓa mata.
Hanyar gara: ɓoyayyen ramin da ƙarancin zafi ke haifarwa.
Haɗin baka: taɓa juna ba tare da haɗuwa ta gaskiya ba.

Ma'aunin ingancin irin waɗannan kalmomi ba ya hannuna, ba ya kuma hannun kwamitin da ke zaune a ofis. Yana hannun wanda zai ji su ya gane ba tare da dogon sharhi ba.

Kammalawa

A wannan maƙala mun ga cewa narkewa ce ke jawo yawancin aibin waldar alminiyam, kuma waldar tuƙi ta kauce mata ta hanyar amfani da zafin guga da matsi, ƙa'idar da maƙeran Nok suka yi aiki da ita tun kafin a san takarda a wannan yanki. Mun ga cewa a kan alminiyam dabarar ta kankama, a kan ƙarfe tsadar muciya ce cikas, a haɗin alminiyam da ƙarfe kuma sirrin shi ne a hana shimfiɗar tsakani yin kauri. Shawarata ga 'yan'uwa masu neman batun kundin kammala karatu ita ce, a je maƙera da rumfunan walda na Kauru, da Saminaka, da Zonkwa, da Kafanchan, a tattaro kalmomin da masu sana'ar ke amfani da su, a zauna da ɗaliban injiniya a gwada waɗannan sababbi a kunnen masu aikin. Wadda ta karɓu a riƙe, wadda ta ƙi a nemo wata. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Allah Ya sa mu dace, amin.